Sakit ɗina ya fi na baya aiki, me ya sa mai tantancewa ya ƙi shi?

Tambaya: "Na ƙera amfilifayar ƙarfi irin ta Doherty a kan ƙwayar silikon irin ta CMOS, mai aiki a gigahaz 28, na nemi takardar mallakar ƙirƙira a Amurka, kuma ina da niyyar shiga Turai. Da'awata ta ɗaya ta ƙunshi babbar amfilifaya, da mataimakiya, da taransifomar da ke haɗa abin da suka fitar, da sashen da ke saita wutar mataimakiyar gwargwadon ƙarfin sigina, duka a ƙwaya guda. A cikin bayani na kuma nuna wata kafasita mai canzawa da na ɗaura a bakin mataimakiyar don kada sigina ya karkace. Mai tantancewa ya ƙi komai. Ya kawo tsohuwar takardar mallaka ta amfilifayar tashar waya da aka haɗa a kan allo, ya gama ta da wata maƙalar taro, ya ce duk masanin aikin zai iya haɗa su. Alhali awona ya nuna tawa ta fi su tattalin wuta. Wannan adalci ne? Me ya rage mini?"

Injiniya, sannu da aiki. Wasiƙar ƙi ta farko ba ita ce hukuncin ƙarshe ba. Galibin buƙatun da ofishin Amurka ke amincewa da su sai da suka sha irinta tukuna. Amma tambayarka ta nuna inda kuka yi hannun riga da mai tantancewar. Kai kana maganar ƙwayar da ke kan teburin awo, shi kuwa bai taɓa ganinta ba, ba kuma zai gan ta ba. Abin da ke gabansa jimloli ne, wato da'awoyin da ke ƙarshen takardarka, kuma aikinsa ya duba ko kalmomin nan sun faɗa kan wani abu da duniya ta riga ta sani. Da'awa kamar shingen gona take: ba a tambayar yawan amfanin da ka noma, inda ka kafa turaku ake dubawa, kuma in shingen ya ci cikin burtali za a ce ka ja baya ko da gonarka ta fi ta kowa albarka.

Ga yadda ya yi aikinsa. Ya yanka da'awarka gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ya nemo mata gurbi a cikin rubuce-rubucen da suka riga ranar da ka fara shigar da buƙata. A Amurka an umarce shi ya ba kalmominka fassara mafi faɗi da hankali zai ɗauka bisa bayaninka. Da ka ce "sashen da ke saita wutar mataimakiyar gwargwadon ƙarfin sigina", a zuciyarka kana nufin naka ɗan sakit mai sauri. A wajensa duk wani abu da ke taɓa wutar mataimakiya idan sigina ya ƙaru ya shiga ciki, ko da dayod ɗaya ne da rezista. Ba mugunta ba ce. In aka ba ka takardar da waɗannan kalmomin, da su za ka kai wani kotu gobe, kuma a ranar kai da kanka za ka so a yi musu fassara mai faɗi.

Sai kuma matsalar da ta keɓanta da fagenmu: kusan duk wani tsarin sakit na rediyo tsoho ne. William Doherty ya bayyana amfilifayarsa a 1936 yana aiki a ɗakunan binciken Bell, da bawul na gilashi, don manyan tashoshin watsa shirye-shirye. Henri Chireix ya kawo tasa dabarar ta haɗa amfilifaya biyu a 1935. Leonard Kahn ya raba girman sigina da kusurwarsa a 1952, abin da aka sake tonowa bayan gomman shekaru don wayar hannu. Matatar sigina mai makunnai da kafasitoci da ta yi tashe a ƙwayoyin CMOS na wannan ƙarni, Franks da Sandberg sun yi bayaninta tun 1960. Ko sakit ɗin gauraya sigina da kowa ke kira da sunan Barrie Gilbert saboda maƙalarsa ta 1968, akwai takardar mallakar Howard Jones da aka shigar a 1963 mai ɗauke da irin wannan jeri na tiransistoci. Mai tantancewar da ya daɗe a wannan sashe ya san waɗannan kamar yunwar cikinsa. Saboda haka in ka ce masa sabon abinka shi ne ka ɗora tsohon tsari a kan silikon, amsar da ke bakinsa ita ce tun zamanin Kilby da Noyce, waɗanda suka fara haɗa sakit a ƙwaya guda a 1958 da 1959, kowa ya san amfanin tattara sassa a ƙwaya guda: ƙanƙanta, da araha, da raguwar wayoyi. Buri ne da kowane injiniya ke da shi, ba a ba mutum mallakar buri.

Bincike a wannan fage ma yana da nasa wahalar da ya kamata ka sani, domin ita ce ke bayyana dalilin da wani lokaci ake kawo maka takardar da ba ta yi kama da aikinka ba. Ƙirƙirar tana cikin zane ne, injin bincike kuwa kalmomi yake karantawa. Sakit ɗaya ana iya zana shi ta fuska biyar, a kira shi da suna biyar, a yi shi da bawul ko tiransista irin ta da ko ta yanzu. Don haka masu tantancewa ke dogara da tsarin rarraba ƙirƙire-ƙirƙire aji-aji mai suna CPC, wanda ofisoshin Amurka da Turai suka fara amfani da shi tare a 2013: H03F na amfilifayoyi, H03D na gauraya da sauke sigina, H03B na osileta, H03L na sakit ɗin kulle mita, H04B na tsarin aikawa da karɓa. Mutum ya buɗe aji, ya riƙa juya zane bayan zane da ido. Bayan haka ya shiga rumbun IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, inda maƙalun taron ISSCC da na taron RFIC da mujallar JSSC suke, ya leƙa takardun bayanin kaya na kamfanoni da takardun da ake miƙawa a tarukan 3GPP, masu tsara ƙa'idojin wayar hannu. Lokacinsa ƙayyadadde ne. Da zarar ya sami abu biyu da suka rufe kalmominka, ya tsaya. Ba ya neman wanda ya fi kusa da ƙwayarka, wanda ya isa ya ture da'awarka yake nema.

Yanzu ka lura da abu guda mai daɗi a wasiƙar. Bai ce wata takarda guda ta ƙunshi komai ba. Da ya sami haka, da ya ƙi ka a ƙarƙashin sashe na 102 na dokar mallakar ƙirƙira ta Amurka, wato rashin sabunta, inda dole rubutu ɗaya ya nuna kowace gunduwa a jere yadda ka jera su. Ya koma sashe na 103 ne, wato cewa abin a bayyane yake ga matsakaicin masani. A nan akwai filin muhawara. Kotun ƙolin Amurka ta shimfiɗa matakan a shari'ar Graham da John Deere a 1966: a gano abin da aka riga aka sani, a gano bambancinsa da da'awa, a gano matakin ƙwarewar mutanen fagen, sannan a duba shaidu na gefe kamar sakamakon da ba a zata ba ko buƙatar da aka daɗe ana fama da ita. A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex, kotun ta sassauta wa masu tantancewa: ba sai tsohon rubutu ya ce ƙarara "a haɗa wannan da wancan" ba, in an haɗa sanannun sassa ta sananniyar hanya, kowanne ya yi aikin da aka san shi da shi, sakamakon kuma abin da ake tsammani ne, to a bayyane yake. Amma har yanzu wajibi ne ya faɗi dalilin da zai sa masani ya yi haɗin, kuma ya kasance masanin na da kyakkyawan zaton haɗin zai yi aiki.

To mu auna da'awarka da wannan ma'auni, tsakani da Allah. Tsohuwar takardar ta nuna babba, da mataimakiya, da saita wuta gwargwadon sigina. Abin da ta rasa shi ne taransifoma, domin ita da layin waya mai tsawon rubu'in zangon sigina take haɗa su. Maƙalar ta nuna taransifoma a kan CMOS tana haɗa amfilifaya biyu. Me zai sa masani ya musanya? Lissafi ne na aji ɗaya. A megahaz 900 rubu'in zango ya haura santimita 8 a iska, ba ya shiga ƙwaya ko kaɗan. A gigahaz 28 tsawon zango milimita 10.7 ne, rubu'insa kusan 2.7, a cikin rufin silikon kuma ya sauko wajen rabin haka. Yana iya shiga, amma yana cin wuri yana kuma shan ƙarfi. Kowa a fagen ya san ana maye gurbinsa da kwayil da kafasita ko da taransifoma. Dalilin haɗin a fili yake. A ra'ayina, da'awa ta ɗaya yadda take a rubuce ba za ta tsira ba, kuma ɓata kuɗi ne ka tsaya kare ta.

Hujjar da injiniyoyi suka fi saurin kawowa, cewa ba za a iya ciro sassan allon nan a cusa su cikin CMOS ba, ba ta cin nasara. Doka ba ta tambayar ko za a iya dasa wannan na'ura a jikin waccan. Tana tambayar abin da rubutun biyu suka koya wa masani in ya karanta su tare. Haka nan sukar kowace takarda ita kaɗai, "wannan ba ta da taransifoma, waccan ba ta da saita wuta", aikin banza ne, tunda shi ma bai ce kowacce ta cika ba.

Ƙirƙirarka tana cikin jimlar da ka jefa a tsakiyar tambaya kamar ba komai ba: kafasitar nan mai canzawa. Bari in faɗi abin da na fahimta, ka gyara in ban daidaita ba. A Doherty mai ɓangare biyu daidai wa daida, mataimakiya tana barci har sai sigina ya kai desibel 6 ƙasa da ƙololuwa, wato rubu'in cikakken ƙarfi. Amfilifaya ajin B zalla, wato wadda ke aiki a rabin kowane zagayen sigina, a lissafin takarda tattalin wutarta yana kai kashi 78.5 cikin ɗari a ƙololuwa, ta faɗo rabin haka a wannan wuri. Dabarar Doherty ita ce ta maido da ita sama a nan, inda siginar zamani ke yin mafi yawan zamansa. Amma tiransistar silikon ba makunni ne mai tsabta ba. Yayin da mataimakiya ke farkawa, kafasitancin da ke maƙale a jikinta yana canzawa, kusurwar siginarta tana zamewa, sai abin da ta fitar ya daina haɗuwa daidai da na babbar a cikin taransifoma. Ƙarfi ya ɓata, sigina ya karkace. A tashar waya mai ƙaramar mita ana share wannan da gyaran sigina ta kwamfuta kafin ya shiga amfilifaya. A gigahaz 28, inda faɗin tasha ɗaya ta 5G ke kaiwa megahaz 400, kuma eriya ɗaya ke da amfilifayoyi da yawa a jere, wannan gyaran yana da tsada ƙwarai. Kai sai ka ɗauki layin nan guda da ke tashin mataimakiya, ka sa shi ya riƙa rage wata kafasita daidai lokacin da ta jikin tiransistar ke ƙaruwa, jimillar ta tsaya cik.

Wannan dangantaka ce tsakanin sassa, ba jerin sassa ba, kuma a fagen da tsare-tsarensa suka tsufa, a dangantaka ake samun abin mallaka. Da'awar da aka gyara za ta ce wani abu kamar haka: kafasita mai canzawa da aka ɗaura tsakanin bakin fitar mataimakiya da mahaɗar ƙasa, wadda ƙofar sarrafa ta ke haɗe da layin da ke saita wutar mataimakiyar, ta yadda ƙimarta ke raguwa yayin da wutar ke ƙaruwa. Ka ga kowace kalma tana nuna waya da za a iya bi da yatsa a zane. Yanzu sai mai tantancewa ya nemo rubutun da ya nuna wannan ɗauri, ko ya faɗi dalilin da zai sa masani ya yi shi. Kafasita mai canzawa don gyara karkacewar kusurwa ba baƙuwa ba ce, zai same ta. Abin da zai yi masa wuya shi ne ya same ta a wannan gurbi tana karɓar umarni daga wannan layi. In kuma tsohuwar takardar ta ce dole a tace layin saita wuta da babbar kafasita don kada ya motsa da sauri, ka samu makami, domin ta karkatar da masani daga hanyar da ka bi. Ka nemi irin wannan jimla a cikinta, ka kawo shafi da layi.

Guji rubuta sakamako a madadin tsari. "Amfilifayar da tattalin wutarta ya haura kaza" ba ta gaya wa kowa yadda aka yi ba, kuma tana neman mallake duk wata hanyar da wani zai gano nan gaba. Ofishin Turai galibi yana ƙin irin wannan, na Amurka kuma zai ce tsarin da ya kawo yana iya ba da wannan sakamako, kai ka tabbatar da akasin haka. Haka batun lambobi: in bambancinka da na baya shi ne girman kwayil ko yawan naɗin taransifoma, za a ce wannan gyare-gyaren yau da kullum ne da kowa ke yi a manhajar kwaikwayo, sai fa in ka nuna cewa a wannan taƙaitaccen zango wani abu na daban ke faruwa wanda ba ya faruwa a wajensa.

Wannan ya kawo mu ga awonka. Yana da amfani, amma ba ta hanyar da kake zato ba. Jadawalin kwatance da muke sawa a ƙarshen maƙala, inda ake jera aikin mutum da na wasu, ba ya gamsar da mai tantancewa, domin kowane layi da nasa girman tiransista, da nasa mita, da nasa ƙarfin wuta. Wa ya san ko fifikonka daga dabarar ya zo ko daga sabuwar masana'anta? Shaidar da ke aiki ita ce wadda ta ware abu guda: ƙwaya ɗaya, mita ɗaya, sigina ɗaya, a auna da kafasitar tana bin layin, a sake aunawa an daskarar da ita. In bambancin ya fi abin da masani zai yi hasashe, ka rubuta shi a matsayin sanarwar shaida mai sa hannu a ƙarƙashin ƙa'ida ta 132 ta ofishin Amurka. Maganar lauya a cikin wasiƙa ba shaida ba ce. Kuma dole shaidar ta yi daidai da faɗin da'awa: in ka auna a gigahaz 28 kawai amma da'awar ba ta ambaci mita ba, a shirye kake da tambayar me zai faru a gigahaz 2.

Akwai sharaɗin da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma shi ne ke kashe buƙatu masu kyau: ba a ƙara sabon abu bayan ranar shigarwa. Duk abin da za ka sa a da'awa sai ya kasance a cikin bayani ko zanen da ka miƙa tun farko. Ka ce ka nuna kafasitar a bayani, madalla. Je ka duba ko ka faɗi inda aka ɗaura ta, da layin da ke sarrafa ta, da cewa raguwa take yi yayin da wuta ke ƙaruwa. In zane ya nuna wayar a fili, a Amurka yawanci ya wadatar. A Turai sashe na 123(2) na yarjejeniyar mallakar ƙirƙira ta Turai ya fi tsanani nesa ba kusa ba: in kafasitar ta bayyana ne a zane guda tare da wasu sassa uku da take aiki da su, ba za a bar ka ka tsinko ta ita kaɗai ba sai rubutun ya nuna tana iya tsayawa da ƙafarta.

Tunda Turai ta shigo, duba kalanda kafin komai. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ka wata 12 daga shigarwar farko ka kai buƙata wata ƙasa da tsohuwar ranarka. In ka shigar ta hanyar PCT, wato tsarin shigar da buƙata guda ta ƙasa da ƙasa, cikin wannan lokaci, kana da wata 30 daga shigarwar farko a yawancin ƙasashe, 31 a ofishin Turai. In ba ka yi ko ɗaya ba, kuma buƙatarka ta Amurka ta riga ta fito fili, abin da ke faruwa bayan wata 18, to ita da kanta ta zama tsohon sani a kanka, ƙofar Turai ta rufe ga abin da ke cikinta. Amurka tana yafe wa mai ƙirƙira bayyanawar da ya yi da kansa cikin shekara guda kafin shigarwa. Turai ba ta da wannan rangwame, in ban da wasu ƙananan yanayi da ba su shafi maƙalar taro ba. In kundin taro ya isa hannun mahalarta kafin ka hau mumbari, wannan ranar ake ƙirgawa, ba ranar jawabinka ba. Kuma "bugawa" a idon doka ta fi faɗin abin da muke zato. A 1986 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ɗauki kundin digirin digirgir guda da aka ajiye aka kuma yi wa rajista a laburaren jami'ar Freiburg ta Jamus a matsayin bugaggen rubutu. A 2004 ta yi haka ga allon bayani da aka kafa na 'yan kwanaki a wurin taro. Sayarwa ma tana ƙirguwa: a shari'ar Pfaff ta 1998 kotun ƙoli ta ce tayin sayarwa ya isa in ƙirƙirar ta kai matakin da za a iya rubuta ta, ko ba a ƙera ba, kuma a shari'ar Helsinn ta 2019 ta ce yarjejeniyar sirri ba ta hana sayarwa ƙirguwa. Masu aika samfurin ƙwaya ga abokan ciniki su kula da wannan.

In ƙofar a buɗe take, mai tantancewa na Turai zai bi wata hanya da a ganina ta fi dacewa da tunanin injiniya. Zai zaɓi rubutu guda mafi kusa, ya ware bambancin, ya tambayi wane tasiri na fasaha bambancin ke haifarwa, daga nan ya gina matsalar da aka warware, sannan ya tambaya: masanin da ke fuskantar wannan matsala, shin zai kai ga wannan mafita, ba wai yana iya kaiwa ba? A wannan tsari, jimla ɗaya a bayaninka da ta ce kafasitar tana riƙe kusurwar mataimakiya yayin da take farkawa ta fi shafi goma na yabon tattalin wuta. Rahoton bincikensu zai zo da haruffa: X na nufin rubutun shi kaɗai ya isa ya ture da'awa, Y na nufin sai an gama shi da wani, A kuwa shimfiɗa ce kawai. Akwai kuma bambanci kan buƙatun da wani ya shigar kafin kai amma ba su fito ba sai bayan ka shigar: a Turai ana amfani da su kan sabunta kaɗai, a Amurka har da batun bayyanannen abu.

Kada ka ɗauka masu tantancewa ba sa kuskure. Harold Black ya shigar da buƙatarsa ta amfilifaya mai maido da sigina a 1928, ba a ba shi ba sai ƙarshen 1937, kuma cikin dalilan jinkirin har da shakkun cewa abin zai yi aiki. Sau da yawa a yau kuskuren na karatun zane ne: ya ɗauki kafasitar tace wuta a matsayin ta daidaita sigina, ko ya kira kwayil biyu da ke kusa da juna taransifoma alhali rubutun bai ce suna jan juna ba. In ka ga haka, faɗa masa a fili da lambar sashen a zane. Amma kada kuma ka yi murnar mai tantancewa mai sakaci. Takardar da ta wuce da faɗin da bai kamace ta ba, abokan hamayya ne za su yi mata binciken da ya fi nasa, da kuɗin da ya fi nasa. A Turai suna da wata 9 bayan bayarwa su shigar da adawa; a Amurka tun 2012 akwai hanyar sake duba takarda a gaban PTAB, hukumar shari'a da ɗaukaka ƙara ta ofishin mallakar ƙirƙira, bisa tsofaffin rubuce-rubuce. Shari'ar ParkerVision da Qualcomm kan sakit ɗin sauke siginar rediyo ta nuna yadda abin ke juyawa: masu taimaka wa alƙali sun ba da dala miliyan 173 a 2013, alƙali ya soke a 2014, kotun ɗaukaka ƙara a 2015 ta tabbatar da sokewar, ta kuma rushe mafi yawan da'awoyin da aka yi shari'a a kansu saboda ayyukan da suka gabata.

Wajen gyara, ka tuna duk abin da ka rubuta wa ofis yana zama a fayil ɗin da kowa zai iya karantawa. In ka taƙaita da'awa don kauce wa tsohon rubutu, abin da ka bari ka bar shi ke nan. Hukuncin kotun ƙolin Amurka a shari'ar Festo ta 2002 ya sa da wuya ka dawo a kotu ka ce wani abu mai kama da shi ma naka ne. Don haka ka rage daidai gwargwadon buƙata, kada ka zuba girman tiransista da sunan masana'anta da mita a da'awa ta ɗaya don kawai a rabu da kai. Waɗannan wurinsu da'awoyin da ke rataye a ƙasa. Ka kuma tambayi kanka ko za ka iya gane abin a ƙwayar wani. Wayar da ta tashi daga layin saita wuta zuwa ƙofar kafasita ana ganinta in an ɓare ƙwaya an ɗauki hotonta shimfiɗa bayan shimfiɗa. Hanyar lissafin da ka bi wajen zaɓar ƙimar ba a ganinta a ko'ina.

A aikace, kana da wata uku ka amsa, ana iya tsawaitawa da biyan kuɗi har zuwa wata shida daga ranar wasiƙar, bayan nan buƙatar ta mutu. Kafin ka rubuta amsa, ka sa wakilinka ya nemi ganawa da mai tantancewar, ta waya ko bidiyo. Ku aika masa da daftarin da'awar da aka gyara tun kafin ranar, tare da zanenka da na takardun biyu a jere, an ja layi mai launi a kan wayar da ba ta cikin nasu. Rabin awa a kan zane yana warware abin da wasiƙu uku ba su warware ba, kuma a nan za ka ji ko yana da wani rubutu a ajiye da bai kawo ba tukuna. In amsa ta biyu ta zo a matsayin ƙi na ƙarshe, akwai neman ci gaba da tantancewa, akwai kuma ɗaukaka ƙara zuwa PTAB. Na farko ya fi dacewa in har yanzu gyara kake, na biyu in da'awar ta daidaita kuma saɓanin na fahimta ne. Kafin takardar ta fito, ka shigar da buƙatar ci gaba don ka bar wa kanka damar rubuta wasu da'awoyi daga bayanin nan guda. Sannan muddin buƙatar Amurka tana raye, wajibi ne a kanka da wakilinka ku miƙa duk wani rubutu mai muhimmanci da kuka sani, har da waɗanda ofishin Turai zai kawo a rahotonsa da maƙalun da kai kanka ka ambata a ƙarshen taka maƙalar. Ɓoye su da gangan na iya sa kotu ta hana aiwatar da takardar gaba ɗayanta.